Wa ke koya wa mawaƙi murya? Daga 'yan amshi zuwa makarantar Taya

 Yau kan murya za mu tsaya.

In ɗalibi ɗan wajenmu ya tafi karatun jami'a Yamai ko Tawa, ya dawo hutu ya ce ya shiga ajin koyon murya, dariya za a fara yi mai. "Murya kuma ana koyonta? Ai baiwa ce." Wani dattijo ma cewa zai yi, lakwal anka aike ka ko roƙo? Ni ina ganin maganar baiwar nan rabin gaskiya ce. Ƙasar Hausa ta daɗe tana koyar da murya, ba dai a aji da allo da alli ba.

Makarantar farko ita ce amshi. Yaro na shiga ƙungiyar ubansa ko ta maigidansa, ya ɗauki kayan kiɗa, ya tsaya baya yana karɓa tare da manya, shekara da shekaru, kafin a bar shi ya jefa ɗan waƙa guda shi kaɗai. Nan yake koyon inda ake shan numfashi, da yadda murya ke haye ƙarar kotso ko taushi a fili ba lasifika, da yadda ake raba ƙarfi don kada ta dushe kafin taro ya watse. Ku dubi Musa Ɗanƙwairo, mutumin Bakura, wanda kaset ɗinsa har gobe ana ji cikin tashoshin motarmu. Wajen ubansa ya fara, sannan ya daɗe yana bayan wansa Kurna kafin ya ja tasa ƙungiya. Sunan ma daga murya ya samo shi: ana cewa akwai wani Ƙwairo mai zaƙin murya cikin yaran ubansa, da anka ji ta Musa ta yi kama da tasa sai anka ce ga ɗan Ƙwairo. Ya rasu a 1991. Wanda duk ya saurare shi da kunnen basira ya san akwai horo cikin wannan murya.

Akwai kuma makaranta ta biyu da mutane ba su lissafawa, alhali kusan kowa cikinmu ya bi ta. Malamin tajwidi da ke tsayar da almajiri kan mafitar harafi, ya ce ja nan, taƙaita nan, kada ka yanke numfashi tsakiyar kalma, aikin murya yake yi, ko da ba zai yarda a haɗa shi da mawaƙa ba. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara jajjoji suna kai waƙoƙin wa'azi ƙauyuka, mata na hardacewa baki da baki. Tsakaninmu da Sakkwato kuwa tafiyar 'yan awoyi ce.

Matsalar tsohuwar hanya ɗaya ce: gado. In ba gidan kiɗa ka fito ba, shigarka abin magana ne, har wajen neman aure sai an tono. Abin da ya fara sassauta wannan a Nijar shi ne zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, lokacin samariya da gasar matasa ta ƙasa. Ɗiyan talakawa, ɗiyan sarauta da 'yan lakwal sunka hau dandali ɗaya da sunan gari, ba da sunan roƙo ba, Muryar Sahel na watsawa. A 1987 anka buɗe gasar Ɗan Gurmu a Tawa, don tunawa da wannan mawaƙi na Adar. Sai a 1989 anka kafa cibiyar koyar da kiɗa da waƙa ta CFPM a Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Alhaji Taya. To daga nan ne za a iya cewa baligi, wanda bai gada ba, ya samu ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya ce a koya mini. Cikin wannan cibiya ƙungiyar Mamar Kassey ta Yakuba Mumuni ta taso a 1995, ta kuma zagaya duniya.

Me ake yi wa sabon shiga a irin wannan aji? Ranar farko sau da yawa ko waƙa ba ya yi. Tsayuwa ake gyara mai, a ce ya saki kafaɗa, ya cika ciki da iska ba ƙirji ba. Sai hawa da sauka, do re mi, ana bin piyano, har a gano iyakar muryarsa sama da ƙasa. Ana hana shi kururuwa da maƙogwaro, a ce ya dinga shan ruwa, abin da duk wanda ya yi hunturu cikin ƙurar Malbaza bai buƙatar a yi mai dogon bayani. Ɗan shekara ashirin da ya saba ana yaba mai cikin abokai, a ce ya koma "aaa" kamar jinjiri, akwai kunya, kuma da yawa nan suke gudu.

Sai dai akwai abin da do re mi ba ta sani ba. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Kuka na itace daban, kuka na hawaye daban. Gari na mutane daban, garin tuwo daban. Mawaƙin da ya bi piyano ya manta wannan sai ya rera abin da kunnen Bahaushe zai ƙi, ko da bai kauce wa ma'auni ba ko kaɗan. Ɗan amshi bai taɓa samun wannan matsala ba, don daga bakin maigida yake ɗaukar kalma da karinta tare.

Masu makarantar ma sun san haka. Malam Mamman Barka, mushen lakwal ne kafin ya yi suna da gurumi, kuma ya yi aiki a CFPM. Da ya so ya ceto biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya 5, ba littafi ya buɗe ba. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna gaban tsoho Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya iya. Barka ya rasu a 2018.

Yau yaron Ƙonni mai son waƙa yana tsakanin abu biyu da ke yi mai nisa. Ƙungiyoyin amshi na raguwa, Yamai kuma ta fi kilomita 400. Abin da ke kusa shi ne situdiyo, inda kwamfuta ke daidaita murya ko yaya ta karkace, a tura waƙar WhatsApp kafin magariba. Ranar da anka gayyace shi biki, wuta ta ɗauke, nan ake jin ko ya taɓa tsayawa bayan wani.

In akwai tsohon ɗan amshi da ya rage a unguwarku ko ƙauyenku, ku gaya mana garin da kuma ƙungiyar da ya bi, za mu nemi zama da shi.