Daga Kuɗin Kati Zuwa Kuɗin Jinga: Tarihin Farashin Hoton Biki

Kwanakin baya na tarar da gwaggota tana lissafin hidimar bikin 'yarta. An wuce kuɗin gado da na abinci da na wurin taro, sai aka zo kan mai ɗaukar hoto. Da aka faɗa mata abin da ya yanka, ta ajiye biro ta ce, "To, kati nawa zai ba mu?" Amarya ta ce, "Umma, ai a waya zai turo, sai albam guda ɗaya." Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Mu a zamaninmu abin da ka riƙe a hannu shi kake biya. Yanzu kuma me ake saya?"

An yi dariya an wuce, amma tambayar ta zauna mini a rai, domin ita ce tambayar da masu wannan sana'a suka shafe sama da shekara ɗari da tamanin suna amsawa. Duk lokacin da kayan aiki suka sauya, abin da mai hoto yake sayarwa yakan sauya, farashi kuma ya bi bayansa.

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya fasahar Louis Daguerre a birnin Faris. Hotonsa a jikin farantin ƙarfe mai ruwan azurfa yake fita, kuma guda ɗaya tak, ba a iya sake buga shi. Mai son biyu sai ya sake zama sau biyu, ya biya sau biyu. Kyamarar tana da nauyi, aikin yana son haske sosai da zama ba motsi, saboda haka mai hoto ba ya zuwa gidan biki. Ango da amarya masu hali su ne suke yin ado su tafi situdiyo, su dawo da hoto guda da za a ajiye wa jikoki.

Ba a daɗe ba aka koma amfani da nagatif, wato uwar hoton da ake wanke kati ko nawa ne daga jikinta. Wani Bafaranshe mai suna Disdéri ya yi wa wata dabara rajista a 1854: ya riƙa fitar da ƙananan hotuna har takwas a jikin gilashi guda, a yanka a manna a kati. Farashi ya faɗi, masu ƙaramin ƙarfi suka cika situdiyo. A nan aka gano sirrin da ya riƙe sana'ar tsawon lokaci. Wahala da kashe kuɗi duk suna kan hoton farko, na biyu da na uku kuwa kusan riba ce zalla. Shi ya sa masu hoto suka riƙa sassauta kuɗin zama, su ɓoye nagatif a shagonsu. Duk wanda yake son ƙarin kati don aika wa dangi, dole ya dawo wurinsu.

George Eastman na Amurka ya ɗauki wannan lissafi ya faɗaɗa shi. A 1888 ya fito da kyamarar Kodak a kan dala 25, da fim na hoto 100 a cikinta. Idan fim ya ƙare, sai mutum ya aika da kyamarar kamfani da dala 10, a wanke masa hotuna, a sa sabon fim a dawo masa da ita. A 1900 kuma aka fito da Brownie a kan dala 1 kacal. Kamfanin bai damu da ribar kyamara ba, domin ya san kuɗin suna cikin fim da takarda da ruwan wanki, waɗanda ake saye yau a sake saye gobe.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙananan kyamarori da fitilar filasha suka ba mai hoto damar barin situdiyo. A Amurka da Ingila, mutane da dama da suka koyi hoto a aikin soja suka riƙa zuwa wurin ɗaurin aure ba tare da an gayyace su ba. Su ɗauki hotuna da fim ɗinsu, su wanke da kuɗinsu, sannan su kai wa dangin ango da na amarya ko za su saya. Ciniki ne na kasada: in an saya an ci riba, in an ƙi an yi asarar fim.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. Tun a ƙarni na 19 akwai 'yan ƙasa masu situdiyo a biranen bakin teku irin su Firitawun da Akara da Legas, daga nan ta riƙa shigowa cikin ƙasa. Wurin da ya fi dacewa mu tsaya mu duba yadda cinikin yake gudana shi ne Bamako ta ƙasar Mali, saboda mutum biyu da aikinsu ya tsira har muka gan shi.

Na farko shi ne Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a 1948 a unguwar Bamako-Kura. Fim yana da tsada, don haka galibi sau ɗaya yake danna kyamara ga kowane mai zuwa, kuma dole ɗayan nan ya yi kyau. Ya tanadi kayan aro a shagon: kwat, agogo, alƙalami, rediyo, babur, har da mota. Matashin da ba shi da rediyo a gida zai dafa rediyon Keïta a ɗauke shi, ya aika wa iyayensa a ƙauye su ga birni ya karɓe shi. Takarda ake biya a wurin Keïta, amma abin da ke jawo mutane layi shi ne kamalar da yake fito musu da ita.

Na biyu shi ne Malick Sidibé. Ya fara koyon aiki a 1955 a wurin wani Bafaranshe mai shagon hoto a Bamako, ya sayi kyamararsa ta farko, Brownie Flash, a 1956. A farkon shekarun 1960, lokacin da Mali take cikin murnar samun 'yancin kai, yana da situdiyonsa a unguwar Bagadaji. Shi ba ya jiran a zo. Da dare ya yi sai ya bi bukukuwan aure da na suna da wuraren rawar matasa, wani lokaci wuri da yawa a dare guda. Kafin gari ya waye ya koma ɗakin wanki, ya fitar da ƙananan samfura, ya manna su a jikin fayil, ya sa wa kowanne lamba, ya rubuta sunan taron da kwanan wata. Washegari samari da 'yan mata su cika ƙofar shagon, kowa ya nemi fuskarsa, ya faɗi lambar da yake so, ya biya a wanke masa.

A wannan tsari mai biki ba ya ɗaukar nauyin mai hoto shi kaɗai. Kuɗin a watse suke a aljihun mahalarta, kowa ya biya nasa. Mai hoto shi ya zuba jari, shi ya yi kwanan tsaye, kuma abin da zai samu ya dogara da iya fito da mutane yadda za su so kansu. Philippe Koudjina ya yi irin wannan aiki a Yamai a shekarun 1960 da 1970, yana bin gidajen rawa da wuraren shagali na birnin. Mu ma a garuruwanmu mun san ragowar tsarin: mai hoton da zai ɗauke ki a wurin kamu ko wunin biki, ya ɓace na ɗan lokaci, kafin a tashi ya dawo ya baza katuna a bakin ƙofa, ki ga naki ki saya don kada hotonki ya kwana a hannun baƙo.

Abin da ya karya masu irin situdiyon Sidibé shi ne hoto mai kala. A shekarun 1980 injinan wanke hoton kala suka bazu a biranen Afirka ta Yamma. Injin yana da tsadar da ƙaramin mai shago ba zai iya saya ba, yana kuma fitar da katuna da yawa cikin ɗan lokaci. Ɗakin wanki, wanda a da shi ne sirrin mai hoto kuma rumbun ribarsa, ya koma hannun mai inji. Duk wanda ya samu kyamara ya iya danna ta ya zama mai hoto, tunda inji zai ƙarasa sauran aikin. Masu sana'a suka yi yawa, aka shiga karya farashi, ribar kati ta zama 'yar tazarar da ke tsakanin abin da mai inji ya karɓa da abin da mai saye ya bayar.

Kayan aiki kuma duk daga waje suke zuwa. Fim da takardar hoto da azurfa ake yin su, kuma a watan Janairun 1980 farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya, ya kusa dala 50 kowane oza, kamfanoni suka ƙara kuɗin fim. A Nijeriya darajar naira ta fara zubewa bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986. A Nijar da Mali da sauran ƙasashen sefa, an rage rabin darajar kuɗin a watan Janairun 1994. Mai hoto yana sayen kaya da farashin waje, yana sayarwa ga mutanen da albashinsu bai motsa ba. Wannan ne zamanin da gwaggota ta sani: a yi ciniki a kan fim nawa za a ƙona, mai hoto 24 ko mai 36, a ƙirga katuna a biya.

Daga nan sai kati da kansa ya fara ɓacewa. Wani injiniyan Kodak mai suna Steve Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, amma kamfanin da ke cin abinci da fim bai yi hanzarin rungumar abin da zai kashe fim ba. A watan Janairun 2012 Kodak ya je kotu neman kariya saboda karayar arziki. Abin da ya ci babban kamfani bai bar ƙaramin mai hoto ba. Hoton da za a tura wa mutum ɗari a WhatsApp cikin minti guda, ba wanda zai dawo shago ya biya kuɗin na biyu. Sirrin Disdéri ya mutu.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Tunda ba sauran ribar da za a tsinta bayan biki, dole a tattara ta gaba ɗaya kafin biki. Haka aka koma jinga. Mai hoto yakan tsara mataki biyu ko uku: na ɗaurin aure da walima kaɗai, na kamu da sa lalle da dina da kai amarya, sai babba mai haɗe da bidiyo da albam da hotunan kafin aure. Yakan karɓi kafin alƙalami, domin ranar da ya ba ka ya hana wani, kuma ranakun biki ƙididdigaggu ne, sun fi taruwa a ƙarshen mako da lokutan hutu. Cikin kuɗin akwai awannin tsayuwa, da kwanakin zama gaban kwamfuta ana tacewa ana gyarawa, da haƙƙin yaran aiki, da man mota da na janareto, da kyamarar da ke tsufa kuma sai da dala za a sake ta. Akwai kuma abin da ba a rubutawa a takarda: ɗaurin aure ba a maimaita shi. Wanda ya zo da kyamara biyu, ya ajiye hotuna a wuri biyu, ya fi wanda ya zo da ɗaya tsada, kuma ranar da na'ura ta ƙi aiki ake gane dalili. Araha ba ta ado.

Kasadar ma ta sauya kafaɗa. A zamanin Sidibé mai hoto ne yake aiki kafin ya ga kuɗi. Yau mai biki ne yake biya kafin ya ga aiki. Daga nan mafi yawan rigingimun yanzu suke tasowa: an biya, wata uku ba albam, ko an ba da hotuna hamsin da aka gyara, an riƙe sauran. Rigimar nan ta biyu tsohuwa ce, rigimar nagatif ce ta dawo da sabuwar riga. Wa ya mallaki uwar hoton, wanda ya ɗauka ko wadda aka ɗauka?

Labarin mutanen Bamako ya nuna tambayar ba ƙarama ba ce. A 1991 aka baje wasu hotunan Keïta a birnin New York ba tare da sunansa ba. Wani Bafaranshe mai suna André Magnin ya bi sawu har Bamako, kuma Sidibé ne ya gane aikin ya nuna masa mai shi. Aka tarar Keïta ya adana dubban nagatif. Hotunan da aka wanke ƙanana don aika wa dangi suka koma manya a bangon gidajen tarihi na Turai da Amurka, ana sayensu da kuɗin da masu fuskokin ba su taɓa mafarki ba. Keïta ya rasu a 2001. Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin baje kolin fasaha na Venice a 2007, ya rasu a 2016. Da ba su adana nagatif ba, da ba mu san yadda amaren Bamako suka yi ado a wancan zamani ba. Amma su amaren ba wanda ya tambaye su ranar da aka rataye su a bangon wata ƙasa.

Saboda haka, kafin a miƙa kafin alƙalami, yana da kyau ɓangarorin biyu su zauna su rubuta abu huɗu: taro nawa da awa nawa za a yi, hoto nawa za a bayar kuma yaushe, wa zai riƙe asalin hotunan kuma har tsawon wane lokaci, sannan ko mai hoto yana da izinin sa fuskar amarya a Instagram don tallar aikinsa. Na ƙarshen nan ya fi kowanne muhimmanci a gidajenmu, kuma shi aka fi mantawa.

Na koma na yi wa gwaggo wannan bayani gwargwadon iyawata. Ta saurara har na gama, sannan ta tashi ta buɗe adakarta ta ciro hoton bikinta, baƙi da fari, gefensa ya ɗan ci. Ta ce, "Na ji, ɗan nan. A biya shi jingarsa. Amma ka faɗa masa ya wanke mini guda goma a kati. Waya uku na yi, duk sun tafi da hotunan jikokina. Wannan kuwa ga shi nan."