Waɗanda Suka Buga Wa Mata Littafi

A shekarar 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Talifi a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. Abin da gasar ta haifar duk ɗan makaranta ya haddace shi: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Babu mace ko ɗaya a cikinsu. Daga wannan gasa zuwa ranar da injin buga littattafai ya fitar da ƙagaggen labarin mace da Hausa, sai da aka kwashe shekara 47.

Idan na ambaci wannan, akan ce mini ai lokacin mata ba su iya rubutu ba. Ban yarda ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, kuma ba ta ajiye waƙoƙinta a akwati ba. Ta naɗa dattawan mata amintattu da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa, su suke kai karatun ƙauyuka wurin ɗalibai mata da ake kira 'yan taru. Malamai suna kwafa da alƙalami da tawada, mata suna haddacewa suna rerawa. Wato tun kafin injin ya zo, rubutun mace yana da hanyar da yake bi ya isa kunnen jama'a. Amma tarin ayyukanta bai fito a buge cikin kundi guda ba sai 1997, kuma a Amurka, bayan Jean Boyd ta yi shekaru tana bin takardun da ke gidan Wazirin Sakkwato, ta haɗa hannu da Beverly Mack. Wannan jinkiri yana yi mini ciwo.

Matsalar tana bakin ƙofar maɗaba'a ne. Injin da ke Zariya na gwamnati ne, aikinsa littattafan makaranta da jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, hukumar adabi ta NORLA ta zo ta wuce a shekarun 1950, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC ya ɗauka daga 1966. Masu zaɓen abin da za a buga maza ne, marubutan da suka sani abokan karatunsu ne, kuma makarantun 'yan mata na boko ba su taka kara sun karya ba. Matar da ke cikin kulle a Ƙofar Mata ko Birnin Kebbi, ta ina rubutunta zai bi ya hau teburin edita a Zariya?

Gasa ce ta sake buɗe ƙofar. NNPC ta shirya wata a ƙarshen shekarun 1970, Hafsat Abdulwaheed ta shiga da So Aljannar Duniya, labarin Boɗaɗo, yarinya Bafillatana da ta dage kan wanda take so. An buga shi a 1980 tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Ita ake lissafawa mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa. NNPC ta cancanci yabo a nan. Sai dai ƙofar ba ta daɗe a buɗe ba, don tattalin arziki ya karye, naira ta faɗi bayan 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka janye hannu daga buga labarai.

A daidai lokacin kuwa masu karatu suka yawaita. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da 'yan mata, Jihar Kano kuma ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, matan aure suka koma aji da goyo a baya. Ga masu son karatu, ga masu labari a ciki, babu mai bugawa. Sai ƙananan maɗaba'u na Kano, waɗanda sana'arsu katin biki da kalanda da rasit, suka karɓi aikin.

Talatu Wada Ahmed tana cikin na farko da Rabin Raina. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana 'yar ƙarama, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, Anti Bilki a bakin masu karatu, ta biyo baya da Allura Cikin Ruwa. Marubutan suka haɗu a ƙungiyoyi irin su Raina Kama, inda Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba suke, suna duba wa juna rubutu, suna nuna wa sabon shiga hanyar maɗaba'a.

Ga yadda abin yake tafiya. Mace ta cika littafin rubutu na 'yan makaranta da biro, yawanci da dare bayan an kwashe tuwo yara sun yi barci. Ƙaninta ko mijinta ya kai wa mai tafireta. Ta haɗa kuɗin adashi ko ta sayar da ɗan kunne, a sayi takarda, mai inji ya buga, yara su ninke su ɗinke da waya. Ana raba labari kashi na ɗaya, na biyu, na uku, don kuɗin na ɗaya ne zai buga na biyu. Daga nan sai rumfunan masu littattafai a Sabon Gari, su kuma su aika Katsina, Gusau, Jos, har Maraɗi da Damagaram.

Akwai wani littafi irin wannan a cikin kayan da innata ta bari. Takardar ta koma ruwan ƙasa, wayar ɗinkin ta yi tsatsa ta ɓata tsakiyar, tawada ta yi kauri a wani shafi ta dusashe a na kusa da shi. Babu ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ, don tafiretan ba shi da su, sai wata mai karatu ta bi da biro tana sa musu. A bayan bango akwai sunayen mata birjik, kowace ta ara ta karanta ta rubuta nata. Babu shekarar bugu, babu sunan maɗaba'a.

Ba na cewa masu injin nan waliyyai ne. Ciniki suka gani. Kura-kuran bugu sun yi yawa, wasu 'yan kasuwa sun sayi rubutun mata da kuɗi kaɗan suka yi ta sake bugawa ba tare da marubuciya ta ga ko sisi ba. Masana irin su Ibrahim Malumfashi sun soki littattafan, suka kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu, aka yi ta muhawara a jaridu. Amma mai injin bai tambayi mace takardar shaidar makaranta ba, bai ce sai ta sauya maganarta kan kishiya ko auren dole ko sakin wulaƙanci ba. Ta biya, ya buga. Abin da manyan kamfanoni ba su yi ba a rabin ƙarni, waɗannan shaguna sun yi shi cikin shekaru goma. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba, da ya fito daga wannan kasuwa, shi ne Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012.

Yanzu karatu ya koma waya, rumfunan littattafai suna raguwa, masu injin na farko suna tsufa, kuma takardar da aka yi bugun da ita ba mai daɗewa ba ce. Duk wanda ke da irin waɗannan littattafai a adakar uwa ko ta yaya, kada ya bari a ƙunsa ƙosai da su. A kai su ɗakin karatu na jami'a mafi kusa, ko a ɗauki hoton kowane shafi. Ɗalibanmu na sashen Hausa kuma su shiga Fagge da Sabon Gari da na'urar ɗaukar magana, su zauna da tsofaffin masu inji, su tambaye su wace mace ce ta fara kawo musu rubutu, nawa ta biya, kwafi nawa suka buga.