Daga Askar Wanzami Zuwa Halawa: Tarihin Kawar da Gashin Jiki a Gombe

Yau za mu taɓo wani abu da kowane baligi a cikinmu yake yi, amma ba kasafai ake zancensa a zaure ba, wato kawar da gashin hammata da na mara, da kuma na hannu da ƙafa a wajen mata. Kunya ce ta sa muke shiru. Amma abin yana da tarihi, kuma a cikin tarihin akwai darasin da ya shafi lafiyar gidajenmu.

Tushen al'adar a wajenmu addini ne. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya ci karo da babin fiɗira, inda aka lissafa kaciya, rage gashin baki, yanke farce, tsige gashin hammata da aske na mara. A Sahihu Muslim kuma an ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa an iyakance musu kada su wuce kwana 40 ba su yi wannan tsafta ba. Wannan karatu ya bazu a ƙasar nan tare da malaman jihadi, tun zamanin da Modibbo Buba Yero ya kafa masarauta a Gombe Abba a farkon ƙarni na 19. Da aka mayar da hedkwata Nafada a 1913, sannan aka dawo da ita Gombe Doma a 1919, garin da muke ciki yanzu, malamai da masu sana'a sun biyo sarauta. A cikinsu akwai wanzamai.

Wanzami mutumin gida ne. Shi ke yi wa jariri askin suna ran bakwai, shi ke kaciya, shi ke ƙaho, shi ke gyara wa maigida kai da gemu kafin sallar Juma'a. Askarsa maƙeri ne ya ƙera ta, yana wasa ta a dutse, ya goga a fata, ya mayar cikin zabira. Sana'a ce ta gado, har da sarautarta ta Sarkin Aska. Sai dai aikinsa yana da iyaka: abin da ya shafi al'aura mutum shi ke yi wa kansa a makewayi. Yaro ya ji hukuncin a bakin malami, yarinya kuma kaka ko gwaggo ce ke jan ta gefe ta koya mata idan ta fara girma.

Canji na farko reza ce ta kawo shi. Wani Ba'amurke mai suna King Gillette ya fara sayar da reza mai bakin da ake jefarwa a 1903, kuma a hankali irin wannan kaya ya shigo kantunan Arewa. Ciniki ya ƙara buɗewa da jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963, lokacin da auduga da gyaɗa ke jawo baƙi garin. Reza ta sauko har teburin mai kayan koli, ta zama abin da kowa zai saya da 'yan canji. Daga baya kilifa ta zo, shagunan aski suka cika Jekadafari, Pantami, Bolari da Tudun Wada, matasa suka rage zama gaban wanzami.

Hanyar mata kuwa daga gabas ta ɓullo. Halawa da dilka, waɗanda yau kusan ba a kai amarya sai an yi mata, gyaran jiki ne da aka san matan Sudan da Chadi da shi, kuma Shuwa da Barebari na Borno ne suka yi fice da shi a Najeriya. Hulɗarmu da gabas tsohuwa ce. Ta nan alhazai ke bi da ƙafa zuwa Makka, kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, a ƙasar Funakaye, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a har Sudan suka zauna. Ita kalmar halawa Larabci ce, tushenta ɗaya da alewa, domin sukari ne da ruwa da lemun tsami ake dafawa har su yi danƙo. A manna a fata, a fizge, gashin ya fito tun daga saiwa. Shi ya sa yake ɗaukar makonni kafin ya dawo, saɓanin reza da ke yanke shi a saman fata ya tsiro cikin kwanaki. Na baya-bayan nan shi ne man cire gashi irin su Veet, wanda sinadarinsa ke narkar da gashin, kuma yana ƙona fata idan aka bar shi ya wuce lokacin da aka rubuta a kwali.

To ina darasin? A da, aska ɗaya kan zagaye unguwa guda, babu wanda ya ga laifin haka. Bayan da aka tabbatar da ɓullar cutar ƙanjamau a Najeriya a 1986, aka fara wayar da kai cewa ƙarfen da ya taɓa jinin wani zai iya ɗaukar cuta. Wanzamai da yawa sun karɓi gyara, suna ɓare sabuwar reza a gaban mai aski. Amma wadda ta fi saurin kamawa ta wannan hanya ita ce cutar hanta nau'in B, domin ƙwayarta na iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7, kuma mutum kan yi shekaru da ita bai sani ba. Sai a 2004 aka saka rigakafinta cikin alluran jarirai a Najeriya, ke nan yawancin manyanmu ba su samu ba.

Haɗarin yau ya fi yawa a cikin gida: reza ɗaya a kan katangar makewayi wa da ƙane suna amfani da ita, ɗalibai a makarantar kwana suna aron ta juna, ko curin halawa ɗaya da aka yi wa amarya a juya a yi wa ƙawayenta. Mu iyaye, kunya kada ta hana mu yin abin da kaka da gwaggo suka yi mana. Kowane yaro da ya balaga a saya masa rezarsa. Mai gyaran jiki ta dafa wa kowace mace halawarta. A shagon aski mu ga an tsaftace kilifa, ko mu je da tamu. Wanda bai taɓa gwajin cutar hanta ba ya je asibiti ya yi, in ba ya da ita ya karɓi rigakafi. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Don tsafta iyayenmu suka riƙe wannan al'ada, kada mu bari ta zama ƙofar ciwo. Allah ya ƙara mana lafiya da zama lafiya, amin.