Ilimin da Ya Iske Mai Jego a Ɗakinta

"Mi anka samu?" Wannan ce tambayar da na fara ji bayan kukan jariraina, daga bakin wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta leƙo ɗakin Innata a Danchadi. Aka ce mata tagwaye ne. Ta ce, "Duka biyun mata na?" Da aka amsa, sai ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "To, Allah shi raya, shi kawo ƙannensu maza." Addu'a ce ta yi da kyakkyawar niyya, amma shirun nan da ya gabace ta ya daɗe yana yi mini kuwwa a kunne.

Na zo goyon ciki gida ne watanni kaɗan bayan na karɓi shaidar digirina a fannin tarihi. Ina da shekara 25, ƙawayena suna ta shirin bautar ƙasa, ni kuwa duniyata ta koma ɗaki ɗaya: tukunyar ruwan wanka, ƙwaryar kunun kanwa, da baki biyu masu neman nono ba dare ba rana. Wani dare, Hassana ta yi barci, ƙanwarta ta ƙi, sai na tsinci kaina ina jera mata shekarun jihadi kamar waƙar reno: hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, Tabkin Kwatto a watan Yuni, faɗuwar Alƙalawa a 1808. A nan wata tambaya ta faɗo mini wadda ban taɓa yin ta ba a shekara huɗu na zaman aji. A ranar hijirar nan, wa ya goyi jarirai? Kuma matan da suka goye su, wa ya karantar da su?

Gardamar da ta girmi garinmu

Ƙasar da nake jego a cikinta ba baƙuwar wannan tambaya ba ce. Danchadi na cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, kuma a cikinta ne Sifawa take, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa yana wallafa littattafai, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a can a 1817. Boɗinga kanta mazaunin ƙanensa Malam Abdullahi ce kafin ya tare a Gwandu. Waɗannan 'yan'uwa biyu sun sha suka a kan sha'anin mata tun suna yawon wa'azi, shekaru kafin a zare takobi. Wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya aiko wa Shehu da baitoci yana zarginsa da barin mata su halarci majalisinsa. Shehu ya umurci Abdullahi ya ba da amsa, kuma Abdullahi ya adana labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙat. Hujjarsa ita ce, barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni a kan abin da ake gudu. Shehu da kansa, a Nurul Albab, ya soki malaman da ke tara almajirai a zaure don a yabe su, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san hukuncin tsarki da salla ba.

Da na tuna wannan, sai na ga shirun tsohuwar nan da sabon ido. Tambayar da ke ƙarƙashinsa, wato mece ce ƙimar ɗiya mace, an yi ta a ƙasar nan fiye da shekara 200 da suka wuce, an kuma ba da amsarta a rubuce. Mu ne muka riƙe tambayar muka mance amsar.

'Yar tagwayen da ba a kira Usaina ba

Wajen 1793 aka yi wa Shehu haihuwar tagwaye a Ɗagel, namiji da mace. Namijin ya ci sunan da al'ada ta tanada, Hassan. Macen kuwa, maimakon Usaina, sai mahaifinta ya raɗa mata Asma'u, sunan ɗiyar Sayyidina Abubakar wadda ta riƙa kai guzuri kogo a lokacin hijirar Manzon Allah (SAW). Mahaifiyarta, Maimuna, ta rasu tana ƙarama, sai sauran matan gidan suka rene ta, suka fara ɗora ta a kan allo. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira. Ta taka sayyada tare da jama'a, ta ga yunwa da annoba da fargabar hari, daga Gudu har Zamfara har Gwandu, tafiyar da daga baya ta tsara tarihinta a Waƙar Gewaye.

Wajen 1807 aka aurar da ita ga Gidado ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda ya zamo Wazirin Sakkwato. Ta haifi ɗanta Abdulƙadir cikin shekarun yaƙi, shi ma daga baya ya gaji waziranci. Littafinta Tanbihul Gafilina, wanda ake lissafawa a sahun farko na ayyukanta, ya fito ne a 1820, tana da shekara 27 ko kusa da haka. Wannan lissafi ya sanyaya mini zuciya fiye da yadda zan iya faɗi. Matar da ta bar wallafe-wallafe kusan 60 cikin Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma iya Buzanci, ba ta tsallake goyo da girki ba. Ta bi ta cikinsu, alƙalaminta bai bushe ba.

'Ya'yan da tarihi ya ambata mata duk maza ne. Amma aikin da ya fi ɗaukaka sunanta, na renon 'ya'ya matan jama'a ne.

Malfa da jan rawani

Bayan an kafa daula, matsala ta canza kama. Ƙauyuka sun cika da matan da yaƙi ya watsa, da waɗanda aka kamo, da waɗanda suka tashi cikin bori, inda mai ciwon ciki ko mai wahalar naƙuda take neman sauƙi a wurin masu hawan iska. Makarantun zaure ba su isa gare su. Mai ciki da mai jego da mai goyo ba su da halin barin gida su yi tafiyar kwanaki zuwa Sakkwato ko Wurno. A shekarun 1830, zamanin sarautar Bello, Nana Asma'u ta ƙirƙiro mafita, wato 'Yan Taru.

Tsarin mai sauƙi ne, amma an gina shi da sanin rayuwar mace. A kowane yanki akan zaɓi dattijuwa mai mutunci da ilimi, a naɗa ta jaji. Nana takan ɗora mata malfa, ta naɗa mata jan rawani. Malfar nan a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar 'yan bori, sai Nana ta karɓe ta ta sauya mata ma'ana, don mata su ga alamar da suka saba girmamawa a kan malama. Jaji takan jagoranci ayari zuwa wurin Nana, kuma 'yan ayarin iri biyu ne: tsofaffin da suka gama haihuwa, da 'yan matan da ba su kai aure ba. Sukan zo da tsarabar hatsi da zuma da man shanu da zane, Nana ta raba wa mabukata. Sukan zauna su haddace waƙoƙin koyarwa, su ji bayaninsu, su koma gida.

To, wa suke komawa su karantar? Matan da aka bari a gida. Wannan ne abin da ban gane ba sai da na zauna a kan tabarmar jego. A aji mun karanci 'Yan Taru a matsayin labarin matan da suka yi tafiya. Amma manufar tafiyar ita ce matar da ba ta iya tafiya. An tsara makarantar ne domin irina. Shi ya sa darasin ya zo a waƙe, cikin Hausa da Fulatanci: hannun da ke daka ko kaɗi ko rarrashin jariri ba zai riƙe takarda ba, amma baki da kunne a sake suke. Jaririyar da ke baya kuwa tana ji tun kafin ta san tana ji.

Abin da suke koyarwa ma ya bi bukatar cikin gida: tauhidi, alwala da salla, tarihin Annabi, riƙon amana, haƙuri da maƙwabta. A 1839 Nana ta wallafa Tabshirul Ikhwan, kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani, kuma a cikin lalurorin da ta kula da su akwai na masu juna biyu da naƙuda da ƙananan yara. Ta kuma yi abin da marubuta tarihi ba su cika yi ba: ta tsara marsiyya ga maƙwabciyarta Halima, da jajinta Hauwa'u, matan da ba su ci gari ba, ba su riƙe sarauta ba. Ta yabe su da kyautata zumunta da hidimar jama'a, ta haka ta shigar da aikin cikin gida a kundin tarihi.

Ta rasu a 1864, aka rufe ta a Hubbaren Shehu. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin, bayanta Ta Modi, kuma tarun bai watse ba ko da Turawa suka ci Sakkwato a Maris na 1903. Da Jean Boyd ta zo bincike, wanda ya haifi littafinta na 1989 a kan Nana, ta iske zuriyar Waziri Gidado, musamman Waziri Junaidu, sun adana rubuce-rubucen, ta kuma iske matan da ke riƙe da al'adar a raye.

Tsakanin Kaka da ungozomar asibiti

Wata safiya, Kakata tana tsoma ganye a ruwan zafi tana fyaɗa mini a baya, na ba ta labarin nan duka, ina alfahari da karatuna. Ta saurara har na gama, sannan ta yi dariya. "Ke ɗiyar nan, wanga shi na kunka biya kuɗi kunka koyo? Ai mu a bayan tsohinmu munka jiya." Ta ce tana yarinya ta ga tsofaffi suna haɗa tsaraba za su ziyara Hubbare, kuma a bakin kakarta ta koyi farillan alwala, a waƙe, tun ba ta san harafi ba. Ashe sarƙar da nake nema a ɗakin karatu, ga ta riƙe da ganyen wankana.

Wannan bai sa mun daina saɓani ba. Kaka tana son in sha kunun kanwa safe da yamma har kwana arba'in, a kuma ɗura wa jarirai ruwa saboda zafin ƙasarmu. Ungozomar asibiti ta ce nono zalla har wata shida. Na kuma karanta cewa tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun danganta yawan shan kanwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Da farko na so in yi mata jayayya irin ta 'yan boko. Sai na tuna da malfar Innar Gobir. Nana ba ta jefar da abin da mata suka saba da shi ba, ta karɓa ne ta gyara. Na ce, "Kaka, wankanki na karɓa, hannunki ya fi magani. Amma kanwar a rage, ruwan kuma ni zan sha, su su same shi a nono." Ta harare ni, ta yi gunaguni kwana biyu, ta rage. Yankan beli kuwa, mahaifinsu ne ya tsaya ya ce wanzami ya yi aski kawai.

Ba na cewa zamanin Nana aljanna ce ga mata. Zamani ne na yaƙi da bauta da aurar da yara, ita kanta tana 'yar shekara 14 aka kai ta ɗaki. Ba na kuma cewa waƙar baka ta wadatar da 'ya'yana. Ina son su shiga aji, su wuce inda na tsaya. Abin da na ɗauka daga tarihin nan shi ne hikimar tsarin. Makarantunmu na yau suna jiran mace ta zo, idan ciki ko goyo ya tsare ta sai a soke sunanta. Da yawa cikin waɗanda muka yi firamare tare a nan karatunsu ya tsaya. 'Yan Taru sun fara ne da tambayar wace ce ba za ta iya zuwa ba, sannan suka ɗauki karatun suka kai mata.

Ana jibi suna na roƙi maigidana alfarma ɗaya. Na ce, "Malam, Hassana ta ci sunanta. Ƙanwar kuwa, a yi mata irin abin da Shehu ya yi wa tasa." Ya yi murmushi, ya ce sai ya shawarci Baba. Ranar suna da hantsi, maroƙi ya ɗaga murya a ƙofar gida ya ce Asma'u. Duk da haka har yau kowa a gidan Usaina yake kiranta, har da Kaka, ni kaɗai ke kiranta da sunan yanka.

Yanzu sun shiga wata takwas, sun fara rarrafe. Takardar digirina na cikin akwati, zan ɗauko ta idan lokaci ya yi. Kafin nan, ran Alhamis da Juma'a bayan la'asar, matan unguwa huɗu sukan shigo tsakar gidanmu da goyonsu, muna bitar baƙaƙe da lissafi da karanta katin rigakafi. Ɗaya daga cikinsu jikar tsohuwar nan ce da ta yi shiru ranar haihuwata, kuma ita ce ta rako ta a ranar farko. Kaka takan zauna gefe tana gyara mana karatun alwala. Ni ba jaji ba ce, ba wanda ya ɗora mini malfa. Amma idan na ɗaure Asma'u a baya da majanyi, na duƙa a kan allo, nakan ji numfashinta a wuyana, na san darasin ba a kunnen manya kaɗai yake sauka ba.