Tarihin Gano Raunin Huhu Bayan Ƙarin Jini

Tun da aka gano rukunonin jini a farkon ƙarni na 20, hankalin likitoci ya fi karkata ga jajayen ƙwayoyin jini, domin rashin dacewarsu kan hallaka majinyaci nan take, saboda haka aka daɗe ba a lura da wata illa ba, wadda tushenta ke cikin filasma, wato ruwan nan fatsi-fatsi da ƙwayoyin jini suke yawo a cikinsa. Illar ita ce huhun majinyaci ya cika da ruwa kafin a yi awa 6 da ƙara masa jini, numfashi ya gagare shi, alhali zuciyarsa lafiya lau take.

An ba da rahoton irin wannan mutuwa a Amurka tun 1951, kuma a 1957 likita Brittingham ya nuna cewa jinin da ke ɗauke da sinadaran garkuwa masu yaƙar fararen ƙwayoyin jini yana iya jefa lafiyayyen mutum cikin matsanancin ciwon huhu. Duk da haka, an shafe kusan shekara 30 ana yawan ɗora laifin a kan zuciya, ana cewa ruwa ne ya yi mata yawa. Sai a 1983 Popovsky da abokan aikinsa na asibitin Mayo suka raɗa wa cutar suna TRALI, sannan a 1985 suka fitar da bayanin majinyata 36, inda suka nuna cewa a mafi yawansu sinadaran da suka yi ɓarnar daga jikin mai ba da jinin suka fito.

A nan ne lamarin ya zama mai sosa rai, domin waɗannan sinadarai sun fi samuwa a jikin matan da suka yi haihuwa da yawa: jikin uwa kan ƙera su yayin goyon ciki saboda ɗan ya gaji wasu alamomi daga mahaifinsa, kuma ita ba sa cutar da ita. Amma idan suka shiga jikin wani, sai su harzuƙa fararen ƙwayoyinsa da ke maƙale a ƙananan jijiyoyin huhu, su kuwa su raunata bangon jijiyoyin har ruwa ya tsiyaya cikin gurbin iska.

Ƙidaya ce ta kawo gyara. A Birtaniya, tsarin tattara rahoton illolin ƙarin jini da aka kafa a 1996 ya fito da girman matsalar fili, don haka daga 2003 aka koma ɗibar filasma galibi daga maza, Amurka ma ta bi sahu daga 2006, lokacin da cutar take kan gaba a sanadin mutuwa ta hanyar ƙarin jini a can. Mace-macen sun ragu ƙwarai, kuma ba a kori matan ba, domin jajayen ƙwayoyinsu, waɗanda filasmar da ke tare da su kaɗan ce, har yanzu ana ƙara wa majinyata.