Daga Sifawa zuwa Satiru: Wace Mace ce Ake Jin Kukanta?

Da an tayar da zancen cin zarafin mata a ƙasar Sakkwato, sai wani ya ce wannan surutun ƙungiyoyin Turawa ne, mu da al'adarmu. Tarihin ƙasar Boɗinga bai ba shi gaskiya ba. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan jihadi har 1815, ƙanensa Abdullahi kuma yana Boɗinga. Shehun nan ne, a Nurul Albab, ya caccaki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna morar su kamar kayan aikin gida, a Kitabul Farƙ kuma ya sa ɗauke mata ba ɗaurin aure cikin zaluncin sarakunan Haɓe. Tun kafin jihadi da wani malami, Mustafa Gwani, ya soki zuwan mata wa'azin Shehu, Abdullahi ya amsa masa cewa barin su ba ilimi ya fi muni. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, ta ɗora da ƙungiyar 'Yan Taru, jajojinta na bi ƙauye-ƙauye suna karantar da matan aure.

Mai ja zai ce, to kuyangi da sa-ɗaka fa? Ya yi tambaya mai nauyi. Daular Sakkwato da ta kare 'yantacciyar Musulma, ta ba ta damar zuwa gaban alƙali neman ci da sha ko rabuwa da miji mai cutar da ita, ita ce kuma ta cika gidajen manya da matan da aka kamo a yaƙi. Amma wannan ƙarfafa maganar yake yi. Bambancin da ke tsakanin al'ummomi bai tsaya ga halin mazajensu ba. Yana ga wace mace hukuma ta yarda tana da bakin kai ƙara. A gari ɗaya, a gida ɗaya ma, uwargida na da shi, baiwa kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Zuwan Nasara bai share wannan layi ba. A watan Maris na 1906 sojojin Ingila suka ƙone Satiru, kudu da birnin Sakkwato, inda bayi da yawa da suka tsere suka fake. Aka kashe maza, aka koro dubban mata da yara zuwa birni, da yawansu aka raba su gidajen masu sarauta, a ƙarƙashin gwamnatin da ke cewa ta zo hana bauta. Haka dokar finalkod ta Jihar Arewa, da aka tsara dab da samun 'yancin kai bisa samfurin Sudan da Indiya, sashe na 55 nata ya ƙyale miji ya hori matarsa muddin al'adarsu ta yarda kuma bai yi mata mummunan rauni ba. Wanda ke neman baƙon abu, ga shi nan.

Sakkwato ta rattaba hannu kan dokar hana cin zarafi a 2021, shekara shida bayan ta tarayya. Sai dai matar ƙauye a Shagari ko Boɗinga ba kotu take fara zuwa ba. Gidan iyayenta take yin yaji, daga nan sai mai unguwa ko liman, kuma a waɗannan zaurukan ake yanke ko maganarta za ta kai gaban alƙali ko za a ce mata ta yi haƙuri ta koma ɗakinta.