Yatsun Da Suka Naɗe: Yadda Aka Samo Maganin Hannun Kuturu

A ƙauyukanmu na yankin Gaya, daga Zabori har Kamba a tsallaken iyaka, idan yatsun mutum suka naɗe zuwa tafin hannu suka ƙi miƙewa, ba a kama sunan ciwon. Sai a ce "babbar cuta". Na tashi ina jin wasu na cewa gado ce, wasu kuma su ce haɗa kifi da nono ke jawo ta. Tarihi ya ƙaryata duka biyun.

A 1873 wani likita ɗan Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar kuturta. Ƙwayar tana kama jijiyar gwiwar hannu, wadda in ka buge ta kake jin zirr har ƙaramin yatsa. Idan jijiyar ta mutu, ƙananan tsokokin tafi sai su shanye, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su fara naɗewa.

Gano ƙwaya daban, samun magani daban. Kakanninmu ba su da abin da ya wuce saiwa da sassaƙe. Wanda hannunsa ya lalace sai ya koma bara a ƙarƙashin Sarkin Kutare. Wajajen 1937 'yan mishan na SIM, tare da hukumomin En'e, suka kama aikin asibitocin kutare a Yadakunya ta Kano, Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. A nan Nijar, Danja ta kusa da Maraɗi ta biyo baya a 1956. Da farko allurar man wani icen Indiya ake yi, mai zafi, mai ƙarancin amfani. Wajajen 1950 Dakta John Lowe ya nuna a Uzuakoli, kudancin Najeriya, cewa ƙwayar dapsone mai araha tana aiki. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo haɗin magunguna, a lokacin na wata shida ko shekara biyu, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi.

Sai dai maganin ƙwayar cutar yake kashewa, ba ya miƙe yatsan da ya riga ya naɗe. Wannan aikin tiyata ne. A ƙarshen shekarun 1940, Dakta Paul Brand a Vellore ta Indiya ya fara ɗauko agarar tsoka mai rai daga damtse ya ɗaura ta a yatsun da suka shanye, sai hannu ya koma kama abu. Shi ne kuma ya nuna cewa ba cutar ce ke cinye yatsu ba. Rashin ji ne ke sa mutum ya ƙone ko ya yanke bai sani ba, har gyambo ya cinye ƙashi.

Abin da ke damuna a matsayina na malamin makaranta shi ne, ɗalibaina sun san kuturu a karin magana, amma ba su san tabon farko ba: wani fili mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi. A wannan matakin magani na tsare hannu. Ko jijiya ta fara rauni, ana iya ceto ta a watannin farko. Mai ɓoyewa don gudun a fasa auren 'yarsa, shi ke rasa yatsunsa.

Wanda ya raɗa wa asibitin Kano suna ya gama magana: ya da kunya.